Lauya da Lebura a Nijeriya ta Arewa: Misali Daga Ƙasar Zuru

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada ta masu koyon aikin lauya. Idan makarantu suka tashi dogon hutu, watau daga wajen watan Yuni zuwa Agusta, ɗalibin da ke sha'awar sha'anin ƙwadago ya kan nemi ofishin wata ƙungiyar ma'aikata, ko kuwa na lauyoyin da ke tsaya mata, ya zauna can kamar mako goma yana aiki a ƙarƙashin manya. Shi ke binciko hukunce-hukuncen da suka gabata, shi ke rubuta ƙarar wanda aka kora daga aiki, wani lokaci kuma a tafi da shi wurin sulhu ya zauna daga baya yana saurare. Har akwai wata gidauniya a birnin Filadelfiya da aka kafa a 1997 don tunawa da wata lauya, Peggy Browning, wadda ta yi zama a hukumar da ke shiga tsakanin ma'aikata da iyayen gidansu a ƙasar. Aikin gidauniyar shi ne ba irin waɗannan ɗalibai abin da za su riƙe kansu da shi a lokacin. Al'adar tana da asali. Tun 1935 wata doka da a ke kira dokar Wagner ta tilasta wa masu masana'antu su zauna su yi ciniki da ƙungiyar da ma'aikatansu suka zaɓa. Daga nan shari'u suka yi yawa, kowace babbar ƙungiya ta ga ba makawa sai ta ajiye lauyoyinta, lauyoyin nan kuwa suna bukatar magada.

Watannin wannan hutu su ne tsakiyar damina a ƙasar Zuru, lokacin da aiki ya fi tsanani a gona. Abin da wannan takarda za ta bi sawunsa shi ne dalilin da ya sa a Nijeriya ta Arewa hanyar mai koyon shari'a da ta mai cin guminsa suka daɗe ƙwarai ba su gamu ba. An ɗauki Zuru a kan misali domin ƙasa ce wadda sunanta ya tafi da ƙwazon mutanenta wajen aiki, amma kuma kusan duk ayyukan da aka san su da su suna bayan katangar dokar ƙwadago.

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi ta yau. Sarautu biyar aka haɗa suka tashe ta, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Mafi yawan mutanenta Dakarkari ne, waɗanda ke kiran kansu Lelna, sa'an nan akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa, da Hausawa da Fulani da suka zauna tare da su tun da daɗewa. An yi ta sauya mata uwar ɗaki. Ta zauna a Lardin Kwantagora, ta zauna a na Sakkwato, ta koma na Neja. Da aka raba Jihar Arewa maso Yamma a 1976 aka bar ta da Sakkwato, kana a 1991 ta faɗa cikin Kebbi. Hanyar jirgin ƙasa ba ta taɓa bi ta cikinta ba. Wannan kuwa abin lura ne, gama a Arewa ƙungiyar ma'aikata bisa dogo ta iso.

Aikin da ya fi kowane tsufa a ƙasar shi ne golmo. Bisa al'adar Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da dukiya kurum. Sai ya yi wa surukinsa noma, kuma abin da aka fi sani shi ne shekara bakwai. Ba shi kaɗai ya ke zuwa ba. Samari su kan haɗu ƙungiya guda da shugabansu, yau su taru a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan, har a gewaye kowa. Akwai horo mai tsanani ga rago da mai fashi, kuma wanda ya kasa jimrewa ya sha kunya a idon tsaransa da na yarinyar. Wani jami'in mulki, P. G. Harris, ya buga bayani a kan al'adun Dakarkari a wata mujallar masana ta birnin Landan a 1938. A cikin shekarar nan ce kuma aka yi dokar farko ta ƙungiyoyin ma'aikata a Ikko. Mai karatu da ya ajiye su gefe da gefe zai ga abin mamaki. Golmo yana da kusan duk abin da dokar ke nema ga yarjejeniyar aiki: akwai mai aiki da mai gona, akwai wa'adi sananne, akwai lada sananne, akwai dattawa masu raba gardama idan wani ya saɓa. Har ma yana da abin da ma'aikatan birni suka sha wahala kafin su samu, watau haɗin kai da shugaba guda. Amma ladan ba kuɗi ba ne, mai gonar kuwa uba ne na gobe, saboda haka dokar Turawa ba ta gan shi ba, ta 'yan ƙasa da ta gaje ta ita ma ba ta gan shi ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ita ke aiki, ta ce lada sai da kuɗin ƙasa, ta kuma fitar da iyalin mai aiki daga cikin waɗanda ta ke kira ma'aikata.

Ba a Zuru kaɗai abin ya ke haka ba. Ƙasar Hausa ta san gandu da gayya da barantaka da ƙodago, ta san Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera masu tsaya wa 'yan sana'arsu a fada. Alƙalai kuma suna da babin ijara a littattafan Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar, inda aka yi bayanin sharuɗɗan ɗaukar mutum aiki da biyansa. Wanda aka hana ladansa yana da inda zai kai kuka. Sai dai kukan mutum ɗaya ne a kan mutum ɗaya. Taron ma'aikata su ajiye aiki gaba ɗaya don a ƙara musu lada, wannan baƙon abu ne ga fada da ɗakin shari'a duka. Kada a manta kuma, ba a soke bauta sarai a dokar Arewa ba sai 1936, shekara biyu tak kafin dokar ƙungiyoyi.

Aiki na biyu shi ne soja. Tun farkon zamanin Turawa masu ɗaukar soja suka sa wa Dakarkari ido, suka lissafa su cikin kabilun da su ke ganin sun dace da ɗamara. Masana da yawa sun danganta wannan da horon golmo da kokawa, ko da ya ke haraji da ƙarancin hanyar samun kuɗi su ma sun tura samari bariki. 'Yan Zuru sun yi Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama, sun yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har ƙasar ta fitar da janar-janar. To, ga mutumin Zuru soja ne babbar ƙofar albashi. Soja kuwa ba ya shiga ƙungiya. Dokar Ƙungiyoyin Ma'aikata ta 1973 ta hana soja da ɗan sanda da ma'aikacin kwastan da gandiroba kafa ƙungiya ko shiga wata, Dokar Ƙwadago kuma ta ce ba ta hau kan soja da ɗan sanda ba. Idan soja yana da kuka sai ya kai ga hafsansa. Ba za a ce dokar ta yi wauta ba, domin babu ƙasar da za ta so mai bindiga ya yi yaji. Amma sakamakon a fili ya ke: gari ya cika da 'yan fansho waɗanda suka yi shekara ashirin ko talatin suna karɓar albashi, ba wanda ya taɓa riƙe katin ƙungiya.

Aiki na uku shi ne na tilas. Da shi aka shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, da shi aka share hanyoyi, aka gina barikoki, aka ɗauki kayan Joji. Razdan ya faɗa wa sarki adadi, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai. A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ke Janeba ta yi yarjejeniyar hana aikin tilas, Ingila ta sa hannu, aka yi doka a Nijeriya a 1933, amma dokar ta bar ƙofa ga aikin gari da abin da aka kira larura. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa inda ta ke samun kuza, sai aka buɗe wannan ƙofa har iyaka. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi talakawa wajen dubu ɗari daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Sanyin dutse da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Masu gudu kuwa ba su ƙidayuwa. Gudu shi ne yajin aikin talakan Arewa a wancan zamani, ba shi da wani.

Ina lauya a cikin duk wannan? Amsar ita ce an rufe masa ƙofa da gangan. Gwamna Lugga bai yarda da lauyoyi ba ko kaɗan. Ra'ayinsa shi ne su ke hura wutar ƙara, su tsotse talaka. Saboda haka kotunan lardi da ya shimfiɗa a ƙasar duka a 1914 ba lauyan da ke tsayawa a cikinsu, haka kuma kotunan En'e. An soke kotunan lardi a 1933, amma hanin ya zauna a kotunan En'e, aka sake tabbatar da shi a dokar 1956. Zancen Lugga ba ƙarya ba ne duka, gama an ga gidajen da shari'ar fili ta talauta a Ikko. Sai dai a dubi halin ma'aikacin En'e a gari kamar Zuru, ko malamin makaranta ne, ko malamin asibiti, ko leburan hanya. En'e ce ta ɗauke shi aiki. 'Yan dokan da za su kama shi nata ne, alƙalin da zai yi masa shari'a ita ke biyansa, gidan yarin ma nata ne. Ba a raba waɗannan da En'e ba sai a zamanin soja, wajen 1967 zuwa 1968, sa'ad da kotuna suka koma hannun jiha, 'yan doka da gidajen yari kuma suka koma hannun tarayya daga baya kaɗan. A irin wannan hali, wanda aka zalunta a wurin aiki, abin da ya fi masa shi ne ya nemi mai faɗa a ji ya yi masa ceto.

Ko da an buɗe ƙofar ma, babu wanda zai shiga. Sapara Williams, lauya na farko ɗan Nijeriya, ya sami rigarsa a Landan a 1879. Na farko daga Jihar Arewa, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, sai a 1955 ya sami tasa, watau shekara 76 tsakani. Muhammadu Bello na Katsina, wanda daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, ya biyo baya a 1956. 'Yan kaɗan ɗin da suka samu, Gwamnatin Kaduna tana jiransu da muƙamai, domin tana neman 'yan Arewa da za su gaji Turawa a ma'aikatar shari'a. Ba wanda zai zarge su don sun karɓa. Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934, ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, alƙalai ta ke fitarwa. Karatun Landan kuwa, abin da a ke bukata shi ne mutum ya ci jarrabawa a kan dokokin Ingila, ya kuma halarci cin abincin dare a zauren lauyoyi sau adadin da aka ƙayyade. Yana iya dawowa gida da hular gashi bai taɓa buɗe dokar Nijeriya ba, balle ya san yadda a ke lissafin ladan lebura a Bukuru.

Su kuwa ƙungiyoyi ba su jira lauya ba. Dokar 1938 ta fara aiki a ran 1 ga Afrilu, 1939, ta ce mutum biyar sun isa su kafa ƙungiya. Ta ma'aikatan reluwe, a ƙarƙashin Michael Imoudu, ita aka fara yi wa rajista a Janairun 1940. Imoudu ma'aikacin ɗakin gyaran injuna ne, iliminsa na shari'a a bakin aiki ya same shi, da kuma a tsare, gama an kulle shi daga 1943 zuwa 1945. Babban yajin aiki na 1945, wanda aka fara a watan Yuni a kan kuɗin tsadar rayuwa, ya yi kwana 44, ya bi dogo har Kaduna da Zariya da Kano. Mafi yawan masu yajin a garuruwan nan mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, wannan kuwa ya ba sarakuna da Turawa abin faɗa, cewa ƙungiya fitinar baƙi ce. An daɗe ana cin wannan magana. A shekarun 1950 an kafa wata ƙungiyar ma'aikatan kuza ta 'yan Arewa zalla a Jos, mai jituwa da jam'iyyar NPC, don ta kishiyanci wadda ta riga ta, abin da ya raba kan leburori gida biyu a gaban kamfanoni.

Ƙungiyar da ta fito daga cikin 'yan Arewa da kansu, ta kuma kai ƙauyuka, ita ce ta malaman makaranta, wadda Malam Aminu Kano ya dawo da shawararta daga Landan, aka kafa ta a 1948, shi ne babban sakatarenta. Dalili a bayyane ya ke. Malami shi ne mai albashin da ke ko'ina, shi ne kuma ya iya rubuta takarda.

Iya rubuta takarda shi ne jarin sakataren ƙungiya, wanda shi ne ya tsaya a matsayin lauya shekaru da yawa. Sau da yawa tsohon akawu ne ko tsohon malami. Ya haddace Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1941 da kundin dokar ƙwadago na 1945, ya san ƙofar Ma'aikatar Ƙwadago da aka kafa a 1942, ya san irin Turancin da ke sa manaja ya amsa wasiƙa. Da ya ke mutum biyar sun isa ƙungiya, ƙungiyoyin suka zama ƙanana matalauta, har mutum guda ya kan riƙe sakatarancin uku ko huɗu don ya sami abin kai wa gida. Yaran da ke ɗaukar masa jaka, su buga masa tafireta, su ne suka gaje shi. In akwai abin da ya yi kama da zaman ɗalibi a ofishin ƙungiya a tarihin ƙasar nan, to, wannan ne, sai dai almajirin ba ɗalibin shari'a ba ne. Waɗanda suka yi sa'a aka aika da su kwas, wasu Kwalejin Ruskin a Okasfod, wasu kwalejin ƙwadago ta Kampala, wasu Masko, gwargwadon ɓangaren da ke biyan kuɗin jirgi a zamanin gasar Amurka da Rasha. Adams Oshiomhole ta wannan hanya ya bi: daga masaƙar Arewa a Kaduna zuwa Ruskin, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, kana shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999 zuwa 2007.

Ranar da aka ga amfanin lauya ƙuru-ƙuru ita ce bayan harbin Inugu. A ran 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley, suka kashe 21, suka raunata 51. Aka naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin Sir William Fitzgerald. Lauyoyi 'yan ƙasa, cikinsu har da H. O. Davies da Rotimi Williams, suka tsaya wa ma'aikata, suka yi wa jami'an Gwamnati tambayoyi a bainar jama'a. Hukumar ta sami jami'in da ya ba da umurnin harbi da kuskuren hukunci, ba ta kuma wanke masu kula da ma'adinin ba. Shekaru kaɗan kafin wannan, mutanen da suka mutu a Tenti ba su sami wanda zai yi tambaya ko ɗaya da sunansu a gaban irin wannan zama a ƙasarsu ba.

Gyaran karatun lauya ya zo dab da samun mulkin kai. A 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Babban Lauyanta, E. I. G. Unsworth, wanda ya ba da shawara a koyar da shari'a a jami'o'in gida, a kuma kafa makaranta guda ta koyon aikin a aikace. A wannan lokaci Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya ta fara kwasa-kwasai na shari'a, musamman don koya wa alƙalai sabon kundin hukunta laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a nan Kongo sashen shari'a ya zauna. Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya ta buɗe a Janairun 1963 a Titin Igbosere a Ikko, da ɗalibai takwas, kwas na wata uku. Daga baya ya zama na shekara guda, hedkwatar ta koma Bwari kusa da Abuja a 1997, aka yi mata rassa, har da na Bagauda a Jihar Kano da na Yola.

A cikin shekarar nan ta Makarantar Lauyoyi akwai makonnin da a ke tura ɗalibi waje, kashi biyu: ya zauna a kotu yana kallon yadda a ke shari'a, sa'an nan ya zauna a ofishin wani lauya yana ganin yadda a ke shirya ta. Yana riƙe da littafi yana rubuta abin da ya gani, ya dawo a tambaye shi. Tsari ne mai kyau, shi ne kuma ɗan'uwan al'adar Amurka mafi kusa. Amma a kan kotu da ofishin lauya aka gina shi, ofisoshin kuwa abincinsu shari'ar fili ce da ta bashi da ta zaɓe. A jami'a ma dokar ƙwadago tana cikin darussan zaɓi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Ɗakunan ba da taimakon shari'a da ɗalibai ke gudanarwa a jami'o'i, waɗanda suka fara yaɗuwa bayan 2003, sun fi mai da hankali ga mutanen da ke tsare suna jiran shari'a, kuma ba mai cewa waɗannan ba su cancanta ba.

Abin da ya sa ƙungiyoyi suka fara neman lauya da gaske, gwamnatin soja ce ta jawo shi, ko da ya ke ba nufinta ke nan ba. Bayan yajin gama-gari na Yunin 1964 a kan rahoton hukumar Mai Shari'a Morgan, da dokokin lokacin yaƙi na 1968 da 1969 da suka ɗaure yajin aiki, sai dokar 1976 ta shimfiɗa matakai: sulhu, sa'an nan hukumar sasantawa, sa'an nan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A 1978 aka narkar da ƙungiyoyi wajen dubu aka mai da su 42, aka ɗora NLC a kansu, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko, Ali Ciroma na Barno ya gaje shi a 1984. Aka kuma sa a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. Wannan ne ya ba ƙungiyoyi aljihun da za su iya biyan lauya. Gardama ta tashi daga bakin ƙofar masana'anta ta koma kan takarda, sai ga lauyoyi irin su Alao Aka-Bashorun da Gani Fawehinmi, daga baya Femi Falana da Bamidele Aturu, sun yi suna wajen tsaya wa ma'aikata. Ofisoshinsu sun zama makarantu ga matasan lauyoyi. Kusan dukansu kuwa a Ikko su ke.

A wannan tsari na 1978 ne ƙungiya ta zauna da gindinta a wuri kamar Zuru, bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e. Masu katin ƙungiya a can su ne malaman makaranta, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da na asibiti, da direbobin tasha, da ma'aikatan makarantar aikin gona wadda aka mai da ita Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020. In aka auna su da yawan masu aiki a ƙasar, 'yan kaɗan ne. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta fara da Naira 125 a 1981, ta kai Naira 30,000 a 2019 da Naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan aikin gona na lokaci-lokaci ba. Kafa sabuwar ƙungiya kuwa yanzu sai da mutum 50. Ɗan ƙodago da yaron shago da mai haƙar zinariya a rami suna nan inda ɗan golmo ya ke a 1938 a idon doka.

Sauyi mafi girma ya zo da gyaran tsarin mulki na uku, wanda aka sa wa hannu a watan Maris na 2011. Ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta zama babbar kotu sosai, ya ba ta ikon duk wata shari'ar da ta shafi aiki ita kaɗai, tun daga kora da albashi da fansho har zuwa rikicin ƙungiyoyi, ya kuma yarje mata ta yi aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. Tun daga nan sanin dokar ƙwadago ya zama sana'ar da lauya zai iya ci da ita. Har korarrun sojoji da 'yan sanda sun riƙa kai ƙara can, kowa da sunansa, bayan sun bi matakan cikin gida. Ga tsohon sojan Zuru, wannan ita ce ƙofar farar hula ta farko da ta yi daidai da irin kukansa.

Gyaran ya zo da wani abu kuma wanda ba a cika ambata ba. Tun da ikon ya koma kotu guda, manyan kotunan jiha sun daina sauraron irin waɗannan shari'u. Kafin 2011 malamin da aka kora a Zuru yana iya shigar da ƙararsa a babbar kotun jiharsa. Yanzu sai ya bi Kotun Ma'aikata inda ta ke zama, kamar Sakkwato ko Kaduna ko Kano ko Abuja, da kuɗin mota da na masauki a duk ranar da aka ɗaga shari'a. Haka kuma ɗalibin Makarantar Lauyoyi ɗan Dabai ko Wasagu, wanda ya roƙa a tura shi kotun da ke kusa da gida don ya rage kashe kuɗi, zai cika littafinsa da shari'ar gona da ta sata da ta gado, ya gama makonninsa bai ji an kira ƙarar ma'aikaci ko ɗaya ba.